Lambar Yaya Hambali

A tsakar gidan Malam Nu'uman da ke Birnin Kudu akwai wani dogon gwangwani kafe a kan turke, nesa da indararo, nesa da inuwar darbejiya. Ma'aunin ruwan sama ne. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, kafin ya karya kumallo sai ya fito ya juye abin da ya taru cikin wata kwalba mai zane-zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, sannan ya rubuta. Ya fara wannan aiki a damunar 1979, yana sabon malamin gona, tun ba a yanko Jigawa daga Kano ba.

Mutumin Gwaram ne. Yana da shekara tara mahaifinsu ya rasu, wansa Hambali, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyu, ya ɗauke shi. Hambali fataucin hatsi yake yi, bai yi boko ba, amma shi ya riƙe hannun ƙanensa ya kai shi firamare, shi ya raka shi tasha ranar da zai tafi makarantar koyon aikin gona, shi kuma ya karɓar masa auren Ummussalma. Tun daga nan Malam Nu'uman bai taɓa cike wata takarda da ta nemi sunan makusanci ba sai ya rubuta Hambali. Ko bayan ya haifi 'ya'ya sun girma bai sauya ba. A gidansu haka ake yi. Ƙane ba ya sa sunan kansa ko na ɗansa a gurbin da wansa zai iya zama.

Shekara talatin da uku ya yi yana zaga Wurno, Surko da Kangire, da farko a keke, daga baya a babur. Kowace damuna yana da littafi guda mai baƙin bango. A ciki yake rubuta ranar da ruwan farko ya sauka a kowane ƙauye, da waɗanda suka yi binne, wato suka shuka a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa, da waɗanda suka jira sai ƙasa ta jiƙa, da yadda kowa ya ƙare. Ya rubuta irin geron da ya tsira a farin 1984 da irin da ya ƙone. Ya rubuta sunayen dawa da wake da tsofaffi ke ɓoyewa a tulu, da abin da kowane tsoho ya faɗa da bakinsa. Babu wanda ya sa shi. Burinsa in ya aje aiki ya tace wannan duka ya fitar da ɗan littafi da Hausa, wanda manomi zai iya karantawa ko a karanta masa.

Ya yi ritaya a 2012. A shekarar ce 'yarsa Zulfa, wadda ke karatu a Kano, ta lallashe shi ya sayi kwamfuta ta kan tebur da ɗan modem na shiga intanet. Hutu biyu ta yi tana buga abin da ke cikin littattafan yana karanto mata. Kowace shekara suka gama, sai ta tura ta cikin imel ɗin da ta buɗe masa, don ko kwamfuta ta lalace aikin yana can a aje.

Ranar buɗe imel ɗin, na'urar ta nemi lambar wayar da za a tuntuɓa in an sami matsala. Zulfa ta fara buga lambar mahaifinta.

"Tsaya," in ji shi. "Sa ta Yaya."

"Baba, Baffa fa ko saƙo ba ya karantawa. Sai an karanta masa."

"Ai ba karatu aka ce ya yi ba. Cewa aka yi wa za a nema in abu ya ɓaci. Ni kuwa in abu ya ɓaci wa nake nema?"

Ta yi dariya ta sa lambar Baffa Hambali, mai ƙarewa da arba'in da bakwai.

Mutumin da ya saba auna ruwa da kwalba bai sha wahalar koyon kwamfuta ba. Cikin shekara guda ya zama shi ake tambaya a unguwa. Tsofaffin abokan aikinsa da 'ya'yansu suka saya wa kwamfuta sukan zo zaurensa da yamma. Yakan ce musu in na'ura ta nemi a sabunta ta a bar ta ta yi, kada a ce ana tsimin data. In saƙo ya zo daga wanda ba a sani ba ɗauke da wani abu a maƙale, kada a taɓa. Shi kansa bai yarda a soka filas, ɗan abin nan na kwasar bayanai, a kwamfutarsa ba, tun da ya ga yadda filas ɗin wani shagon buga takardu ya cinye wa maƙwabcinsa hotunan aikin hajji. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne lamba shidan nan da ake turowa a waya. Yakan ɗaga yatsa ya ce, "Ko ni na kira ka na ce ka karanto min, kada ka karanto."

A damunar 2014 gara ta shiga ɗakin ajiya. Ummussalma ce ta gano, ta zo ɗaga buhun gawayi sai ta ga kwalin littattafan ya zama ƙasa. Uku kawai suka fita da sauran ganye. Ta yi ta salati tana tafa hannu. Shi ko ya duba, ya kaɗe hannunsa.

"Malam, aikin shekara talatin fa!"

"Kwantar da hankalinki. Yana cikin kwamfuta, yana cikin imel. Gara ba ta da hanyar shiga can."

Alhaji Hambali ya rasu a Gwaram cikin watan azumin 2016. Bayan sadakar uku, Malam Nu'uman, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya tattara kayan mamacin na jiki, agogo, zobe, tabarau da waya, ya sa a akwatin ƙarfe. Matar marigayin, Hajiya Fatsuma, ta ce ko za a bar wayar a kunne saboda masu kiran ta'aziyya daga nesa. Ya ce a'a. Kayan magada ne, ba a taɓa su sai an zauna an raba. Ya kashe wayar da hannunsa, ya kulle akwatin. Babban ɗan marigayin, Abdurra'uf, yana karatu a Sudan, aka ce a jira shi. Jiran ya kai wata goma sha huɗu.

A cikin waɗannan watanni imel ɗin ya sha tambayarsa. Zai buɗe da safe sai ɗan allo ya fito yana cewa a duba ko har yanzu wannan ce lambar da za a nema, ga ta nan mai ƙarewa da arba'in da bakwai, ga wurin sauyawa a gefe. Malam Nu'uman yana jin Turanci sarai, ya kuma san abin da ake nufi. Sau ɗaya har ya kai hannu, ya goge lamba biyu na ƙarshe. Sai ya ji kamar yana kankare sunan Yaya daga ƙofar gida. Ya mayar da su, ya danna wurin da ke cewa a bari sai daga baya. Haka ya riƙa yi duk sanda allon ya fito.

Zulfa, wadda a lokacin ta yi aure a Dutse, ta tuna masa a waya.

"Baba, ka sauya lambar nan kuwa?"

"Zan sauya. Bari a raba gado tukuna."

"Me ya haɗa gado da imel, Baba?"

"Ke dai ki bari."

A watan Yunin 2017 aka yi hadari da la'asar, aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi. Kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara, ɗakin ya cika da ƙauri. Mai gyara a Kano ya buɗe ta, ya juya abin ajiyar bayanan a hannunsa, ya ce ko harafi ɗaya ba zai fito ba. Wannan ma bai tayar wa Malam Nu'uman hankali ba. Ya sayi wata ta hannu, ya dawo gida, ya buga adireshinsa da kalmar sirrinsa, wadda ya haddace kamar sunansa. Kalmar ta yi daidai. Amma sai imel ɗin ya ce bai san wannan na'urar ba, don haka ya tura lamba shida zuwa wayar da ke ƙarewa da arba'in da bakwai.

Washegari ya hau motar Gwaram. A gaban Hajiya Fatsuma da shaidu biyu ya buɗe akwatin, abin da shi da kansa ya hana kowa yi. Aka sa wayar a caji, ta kawo haske, amma layin bai kama ba. A ofishin kamfanin waya aka yi masa bayani cikin ladabi cewa layin da ya daɗe ba a amfani da shi karɓewa ake yi a sake sayarwa. An riga an sayar da wannan. Ya gwada sauran hanyoyin da imel ɗin ya bayar, ya amsa tambayoyi, ya jira kwanaki. Amsar ɗaya ce, ba a iya tabbatar da cewa shi ne mai akwatin ba.

Saura hanya guda. Ya zauna a zaure da hantsi, ya nemo sunan da ke wayarsa har yanzu a rubuce "Yaya", ya danna. Ta yi ƙara sau uku, mace ta ɗauka. Ana jin keken ɗinki a bayanta.

Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da garinsu. Ita ta ce sunanta Kubra, a Funtuwa take. Ya yi mata bayani tun daga ma'aunin ruwa har zuwa akwatin ƙarfe, bai tsallake komai ba. Keken ya tsaya.

"To yanzu me kake so, Baba?"

"Za a turo wata lamba shida a wayarki. Ita kawai za ki karanto min."

Sai ta kwashe da dariya. "Lallai! Kai ne na uku a watan nan. Na farko daga banki yake, na biyu ya ce na ci babur. Kai kuma gero da dawa ka zo da su. Wallahi naka ya fi daɗin ji."

"Baiwar Allah, ni ba ɗan damfara ba ne. Shekarata sittin da huɗu."

"Su ma ai suna tsufa."

Ya ce zai zo Funtuwa da kansa ta gan shi, ya zo da katin aikinsa da takardar rasuwar wansa. Ta ce mijinta ba zai so baƙo daga waya ba, kada ya wahalar da kansa. Ya kira ta bayan kwana biyu, ta ɗauka ta kashe. A kira na uku ta saurare shi har ƙarshe, muryarta ma ta yi sanyi.

"Baba, ka ce kana da 'ya mace ko?"

"Ina da ita. Zulfa."

"To tsakani da Allah, da ita ce wani tsoho ya kira daga garin da ba ta sani ba, ya ba ta labarin nan naka, ya ce ta karanto masa lamba, me za ka ce mata?"

Amsar da za ta buɗe wa Malam Nu'uman littattafansa tana nan a bakinsa, kalma biyu ce. Amma mutumin da ya shekara talatin da uku bai ƙara ɗigo ɗaya a kan abin da kwalba ta nuna ba, bai iya faɗarta ba.

"Zan ce kada ta karanto," in ji shi.

"To ka gani. Allah Ya jiƙan wan naka." Ta kashe. Daga ranar kiransa bai sake shiga ba.

Da Zulfa ta ji, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce da ya bar ta ita ta yi magana mace da mace. Ta gwada daga wayarta, Kubra tana jin an ambaci Birnin Kudu ta katse. Ummussalma ba ta ce masa komai ba game da ranar gara, shi ma bai tayar ba.

Da kaka ta yi ya sayi sabon littafi mai baƙin bango, ya jera shekaru a gefen hagu, daga 1979 zuwa 2011, kowace da shafinta. Ya hau babur ya koma Kangire da Surko da Wurno. Cikin tsofaffi ashirin da ukun da ya taɓa rubuta maganarsu, huɗu ya tarar da rai, ɗaya ma ba ya ji. 'Ya'yan sauran sun tuna an yi fari, sun tuna an sha wuya, amma ranar da ruwa ya sauka da sunan geron da ya tsira, kowa da abin da yake faɗa. Shi kuwa ba ya rubuta abin da bai tabbata ba. Da ragowar littattafai ukun da gara ta bari da abin da bakuna biyu suka yi daidai a kai, ya cike shekara tara. Shafi ashirin da huɗu suna nan fari, shekarar ce kawai a sama.

Har yanzu abokansa na zuwa zaure da yamma, yana kuma gaya musu abin da ya saba gaya musu. Ya ƙara abu ɗaya. In an yi rasuwa, kafin a kulle wayar mamaci a tambayi abin da ke rataye da layin. Sabon imel ɗinsa lambarsa ce a kai, da ta Zulfa a matsayin ta biyu. A wayarsa kuwa lambar nan mai ƙarewa da arba'in da bakwai tana nan, da sunan Yaya a kanta. Zulfa ta ce ya goge tunda ta zama ta wata. Ya ce zai goge.