Taɓarya ta Uku

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa tsakanin Ƙaraye da Rogo, ban taɓa zaton zan sa hannu a kiɗan rawa ba. Amma da jikata ta haɗa kundin waƙoƙinta na farko, na kiɗan na'ura irin wanda matasa ke takawa, sai ta kawo mini har zaure, domin mahaifinta ya ce ba za a sake shi ba sai na amince.

Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta kunna. Muryarta tana ratsa zuciya, a ƙarƙashinta kuma ta shimfiɗa kiɗan da ta ce lugude ne.

Na ce, "Amarya, wannan faretin soja ne, taɓarya biyu kawai nake ji. A ƙauyen Tudun Kaya, inda na koyar, mata uku ke kewaye turmi, ta ukun kuwa takan cilla taɓarya sama, ta tafa, sannan ta cafe."

Ta ce, "Angona, ashe kallon 'yan mata kake zuwa, ba makaranta ba?"

"Ai a nan na samo kakarki."

Na buga mata luguden da sandata a daɓen zaure, ta naɗa, na sa mata albarka.

Ranar kasuwar Ƙaraye na ji bugun sandar tawa yana tashi cikin waƙarta daga shagon mai cajin waya, samari suna rausayawa. Na gyara zaman hulata, na wuce a natse, kamar yadda ya dace da babban makaɗi.