Yadda Aka Yanka Mayafin Baƙonmu

Haƙƙi ne a kan ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Arewa mazauna Guangzhou ta tsaya wa duk wanda ya ba ɗayanmu amana, ko da ba ɗan ƙasarmu ba ne. Mun gaza sauke wannan haƙƙi a watannin da suka gabaci wasannin Olamfik, kuma ni ne sakatare a lokacin.

Mutumin da muka gaza tsaya wa ɗan Bangladesh ne. Sahu ɗaya muke bi ranar Juma'a, gidan abinci ɗaya muke zuwa a unguwar Xiaobei. Sayen zare da allurai ya kawo shi. A ƙauyensu mata kan shimfiɗa tsofaffin zannuwa wani kan wani, su bi su da ɗinkin hannu ƙanana kamar jerin tururuwa, har siffar kifi da furanni ta fito. Sana'ar ta kusa mutuwa. Shi ya tara matan da suka rage, yana zana musu sabon fasali na jaka da wuyan riga, su kuma suna kwaikwayon tsohon ɗinkin daga mayafi guda da kakarsa ta bari. Wannan mayafin ya taho da shi don masu saye su ga asalin aikin.

Wani Alhaji a cikinmu, dillalin shadda, ya gani ya yaba, ya nemi aronsa na kwana uku. Baƙon ya ɗauka za a nuna wa fataken Kano ne. Amma a al'adar kasuwarmu, duk abin da aka karɓa da sunan samfur masana'anta ake kai shi. Can Alhaji ya kai shi, masu masana'antar kuwa suka yi abin da suka saba: suka yanka shi gida takwas, suka farke ɗinkin don su ga yadda zaren ya bi.

Ina shagon Alhaji da hantsi baƙon ya zo karɓa. Aka miƙa masa leda ɗauke da guntaye uku. Ya zazzage su a kan tebur, ya yi ta ƙoƙarin haɗa bakinsu.

"Laoban, kwantar da hankalinka," in ji Alhaji da Turancin kasuwa, yana kiransa maigida da yaren garin. "Nan da sati inji zai buga maka irinsa fal, sabo dal. Wannan ai tsumma ne."

Baƙon ya cakumi wuyan rigar Alhaji. Iyakar laifinsa ke nan, da idona na gani. Ƙartai biyu masu ɗaure wa Alhaji kaya suka yi kansa. Ɗaya ya gwara fuskarsa da ƙofar ƙarfe har haƙori ya faɗo a ƙasa. Ɗayan ya danne hannunsa na dama a bakin tebur, ya sauke masa ƙarfen ɗaure dila sau uku. Na ji karayar yatsu uku. Na riƙo mai ƙarfen, ya wurga ni cikin kwalaye, tabarauna ya fashe.

"Sakatare, ba da kai ake ba," in ji Alhaji. "Ku sauke ƙofa."

Aka sauke. A lokacin ana tsananta binciken takardu, da yawanmu kuma bizarsu ta ƙare, saboda haka babu wanda ya yarda a kira hukuma ko motar asibiti. Da ɗaya daga cikin guntayen aka ɗaure masa hannu. Ni na sauko da shi ta matakalar baya, jininsa na ɗiga a takalmina, na sa shi a tasi. 

A taron da ya biyo baya na rubuta abin da ya faru. Dattawa suka ce rufin asirin jama'a ya fi, aka yage shafin a gabana, ban kuwa hana ba. Daga baya wani ɗan ƙasarsu ya shaida mini cewa hannun ba ya iya riƙe fensir, matan kuma sun watse don babu mai zana musu.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya na yanzu da su kafa kwamitin bincike, su kira Alhaji da mutanensa biyu, su kira ni a rantsar da ni. A nemo guntaye biyar da suka rage a mayar wa mai su, a kuma tambayi malamai hukuncin diyyar yatsu uku.