Layi Biyun da Baban Sanyi Ya Ƙi Rubutawa

Baban Sanyi ake ce masa a asibitin, don shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin na'urori mai sanyi kamar firji, da suwaita ko ana zafi. Mutumin kirki ne, wallahi, sai dai akwai rowar sani.

Ga abin da ya ɓoye. Kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'ajiyar jini tana da iyaka: fayil dubu ɗaya da ashirin da huɗu take barin manhajar ma'ajiyar ta buɗe lokaci guda. Da an cika, shi ke nan, komai ya tsaya cak. Duk sanda aka sake kunna ta, shi ke ɗaga iyakar da hannu. Layi biyu ne fa zai rubuta a saiti kowa ya huta, amma ina! So yake a riƙa nemansa.

Aka kuwa neme shi. Yana kwance a gida, an yi masa aikin ido, fuska naɗe da bandeji, wuta ta ɗauke a asibiti da hantsi, kwamfutar ta sake tashi. Matarsa ta kara masa waya a kunne. Injiniyar da ke riƙe masa aiki ce.

"Baba, ma'ajiyar jini ta tsaya, wai fayiloli sun yi yawa. Ga mai haihuwa a tiyata tana zubar da jini. Jininta mai wuyar dacewa ne, sakamakon gwajin kuma yana cikin kwamfutar!"

Ya buɗe baki zai faɗi umarnin ɗaga iyakar, ya nema ya rasa. Ashe yatsunsa ne suka haddace, ba kansa ba. Ya shiga danna bargo kamar madannan kwamfuta, yana karanto mata harafi-harafi, gumi na karyo masa. Sau biyu yana kuskure.

"Ta tashi, Baba!"

"Matar fa?"

"An ruga da jinin. Minti arba'in muka ci."

Ya ce kada ta kashe wayar. Ya jira, yana jin takun mutane da ƙarar ƙofa.

"'Yata, na ce matar fa?"

"Jaririn dai yana nan, Baba."

Matarsa ta tuna masa likita ya hana shi kuka. Bandejin ya riga ya jiƙe.