Ranar da Na Rufe Amalanken Baba Maganaɗisu

Haƙora huɗu, haƙarƙari uku, kunne ɗaya. Abin da sharar ɗakin mahaifiyarmu ta ci wa Baba Maganaɗisu ke nan. Ni na ƙirga, domin ƙirga ce sana'ata: shekara tara ina kula da sito a wani kantin kayan gini. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi taku ɗari biyu da sha shida ne. A na ɗari da tamanin aka kayar da shi.

Baba Maganaɗisu mai sayen tarkace ne. Ƙarfe, roba, kwalba, kwali, tsohuwar takarda, duk yana kwasa ya kai wa masu narkawa su sake yin wani abu da su. Sunan ya samo asali ne daga wani maganaɗisu da ya ciro a tsohuwar lasifika, ya zura masa igiya ya rataya a wuya. Ka miƙa masa tukunya sai ya manna mata. In ya kama, ƙarfe ne. In ya zame, sai ka ga fara'a har kunne, alminiyam ne ko tagulla. Shekara talatin da ɗaya yana tura amalanke ɗaya, ya sauya masa taya sau goma sha huɗu, da turinsa ya aurar da 'ya'ya biyar. Yana da doka guda wadda kowa a layinmu ya sani: ba ya rufe kayansa. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, haka zai wuce kwalayensa na jiƙewa. Dalilin ne ban taɓa tambaya ba.

Fuka ce ta kashe Innarmu. Duk ranar da aka cinna wa bola wuta a bayan katangarmu, sai ta wuni tana kokawa da numfashi. Shi ya sa da na ɗauki hutun kwana uku don in buɗe ɗakinta, bayan wata takwas yana kulle, na yi rantsuwa: ba ƙonawa, ba feshin magani, ba abin da zai tafi kwata. Na kira Yayana, wanda direban babbar mota ne, na sanar da shi.

"Ki yi duk abin da za ki yi," in ji shi, "amma kada ki taɓa keken ɗinkin Inna."

"Na ji, Yaya."

Yaƙi na shiga. Na tumɓuke ledar ƙasa, na kifar da katifa, na ja kabad har ƙafarsa ta karye. Kyankyaso tamanin da bakwai na murƙushe da silifa, ɓera biyu da muciya. Da toka, da lemon tsami goma sha biyu, da bokiti bakwai na ruwa na goge ɗakin, ruwan ɗaurayar kuma na ba shukoki. Kayan na kasa su kashi huɗu: na ajiyewa, na bayarwa, na gyara, da na Baba. A kashinsa akwai leda ɗari biyu da sha huɗu, kwalba sittin da uku, tukwane tara masu huji, da buhu biyu na takardu.

Sai keken. Kansa lafiya lau, na zuba masa mai na naɗe shi na ajiye. Ƙafafun kuwa tsatsa ta cinye su, ɗaya ma ta rabe biyu. Na ce a raina, ai keke shi ne kai, ƙafa ƙarfe ce kawai. Na jefa su a kashin Baba.

Da hantsi a rana ta uku Baba ya iso.

"Malama Lissafi, yau kuma wa kika ƙirga?"

"Kai, Baba. Ka makara da minti ashirin."

"To ki cire a cikin shekaruna, na yafe miki."

Muka loda kaya. Iska na kaɗawa, ledoji da takardu suka fara tashi. Na bi goma sha ɗaya da gudu na tsinto, ta sha biyu ta haye katanga. Raina ya ɓaci. Na shiga na ɗauko tsohon zanen gadon Inna, shuɗi mai fararen furanni, na lulluɓe amalanken.

Fara'arsa ta ɗauke. "Cire, 'yata."

"Baba, kwana uku ina yaƙi da leda, yanzu in sake ta ta cika layi?"

"Ledar da ta tashi ana tsinto ta."

"Zuwa bakin titi kawai. Taku ɗari biyu da sha shida. Can sai ka yaye."

Ina magana ina ɗaurewa, ƙulli huɗu. Ya dube ni, ya dubi zanen. Ya san ni tun ina goye, ya san kuma na wa ne zanen.

"Ke da za a ba ki mulki, iska ma sai ta bi layi," ya ce, ya kama hannun amalanke.

Ina tsakar gida ina wanke tsumma na ji ihun.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Muryar Yaya ce. Sai washegari muke sa ran dawowarsa, ashe ya sauka da wuri. Ya shawo kwana, ya ga zanen gadon uwarsa a kan amalanke, ƙafar kekenta ta leƙo ta ƙasa. Bai tambayi kowa komai ba.

Kafin in isa, an riga an kai Baba ƙasa. Yaya na bisa kansa yana kai masa naushi a fuska, hagu da dama, kamar mai sussukar hatsi. Mai faci ya zo da ƙarfen cire taya ya maka masa a kwiɓi, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Mai wanki na ta harbinsa da ƙafa. Wani ɗan acaɓa da ko minti ɗaya bai yi da tsayawa ba ya ɗauki katako ya sauke masa a kunnen hagu. Jini ya yi tsartuwa har kan zanen. Baba bai yi ihu ba. Hannunsa ɗaya kawai yake miƙawa wajen ƙullin, yana son ya kwance, ana take hannun.

Mutanen nan duk sun san shi. Ba wanda bai taɓa sayar masa da gwangwani ba.

Sai na ji wani ya ce, "A kawo taya!" Wani ya amsa, "Ga fetur!"

Na kutsa. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina. Dukan da aka nufe shi da shi ya sauka a kafaɗata, hannuna na hagu ya mutu nan take.

"Ni na ba shi! Yaya, ni na ba shi! Kan keken yana ɗaki!"

Yaya ya tsaya, hannu a sama. Sauran ba su ji ba, ko kuma ba su so ji ba. Mai tayar na ƙara matsowa. Na lalubi aljihun rigar aikina, na zaro ɗan littafina da biro, na ɗora a bayan Baba.

"Ku goma sha bakwai ne!" na daka tsawa. "Na ƙirga ku! Mai faci, ɗaya, da ƙarfe! Mai wanki, biyu! Kai mai babur, ga lambarka nan ina rubutawa! Mai shago, ajiye jarkar, kai ne na huɗu!"

Ban san biro na da kaifi haka ba. Ƙarfe ya faɗi ƙasa. Taya ta gangara kwata. Kafin in kai na tara, saura ni da Yaya da Baba a wurin.

Da hannu ɗaya na fizge zanen. Kwalabe, tukwane masu huji, ruɓaɓɓun ƙafafun keke. Yaya ya daɗe yana kallonsu, sannan ya kife kayan a ƙasa, ya ɗauki Baba ya kwantar a cikin amalanken, ya tura da gudu har asibiti.

Sai a kwana na shida Baba ya iya magana, bakinsa a kumbure.

"Karo na biyu ke nan amalanken nan ya ɗauki ɗan gidanmu," ya ce. "Na farko ƙanena ne. Tare muka fara sana'ar. Ana ruwa, ya rufe kayansa da buhu. Wani ya ce me ka ɓoye? Kafin ya kwance igiya an sauke masa bulo a ka. Da aka yaye, kwalaye ne. Ni na turo gawarsa gida."

Na kasa ɗaga kai. Na ciro maganaɗisunsa, wanda na tsinto a kwata da ƙusoshi biyar manne a jikinsa, na sa masa a hannu.

Mako goma sha ɗaya ya yi kafin ya koma turi, a hankali, yana hutawa duk bayan taku hamsin. Bai sake shiga layinmu ba. Duk Asabar ni nake tattara kwalaben layin da robobinsa in kai masa inda yake tara kaya, a buɗe.

Sau uku Yaya ya bi ni wurin Baba neman gafara. A na ukun ya durƙusa ta hannun daman Baba.

"Baba, don Allah..."

Baba ya ci gaba da manna maganaɗisu a jikin wata tukunya. Can ya juya a kan bencinsa, ya ba Yaya ɓangaren hagu, inda kunnen ya mutu.

"Yi magana ta nan, ɗana," ya ce. "Wannan shi ne naka."