Ƙwayar Malam Bawa da Yatsuna Goma

Shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta a Gwandu, damina huɗu kafin a ba ƙasa 'yancin kai, ita ce shekarar da kakata ta ga tabo a kafaɗata. Tana yi mini kitso a gindin turmi, ni kuwa hankalina yana wajen 'yar carafke, don duk unguwar babu yarinyar da ke cafe duwatsu kamata. Tabon fari-fari ne, bai fi bakin ludayi ba. Kaka ta ɗauko ƙayar aduwa ta soka, ban ko motsa ba. Sai ta yi salati. Kafin la'asar an ware mini ƙwaryar cin tuwo tawa ni kaɗai.

Kowa ya san abin da ake tsoro, saboda Baffa Garba na Kalgo, ƙanen Baba. Shekara da shekaru ana yi masa allurar wani irin mai, mai kauri da zafin tsiya, amma kuturta ta cinye yatsunsa har fartanya ta gagare shi.

Ranar kasuwa Baba ya aza ni bisa jaki sai ɗakin shan magani, wurin Malam Bawa, malamin asibitin garinmu. Baba ya naɗe mini hannun riga, yana jiran allura. Malam kuwa sai ya miƙo wata 'yar farar ƙwaya, wallahi ba ta kai ƙwayar masara ba. Ran Baba ya ɓaci, domin a wurin mutanenmu maganin da bai huda fata ba wasan yara ne. Ya ce gobe Kalgo zai kai ni, can akwai mai allura.

Malam bai yi fushi ba. Ya fiddo tsohon littafinsa da wasu sababbin takardu da ya zo da su daga kwas, ya jera su. "Da hannuna na yi wa ƙanenka allurar nan," in ji shi, "iyakar saninmu ke nan a lokacin. Yanzu an gwada wannan ga mutane masu yawa, an ga ya fi. Kai da ka sake irin shinkafa bara, don ka raina na ubanka ne?" Baba ya san sabon irin ya cika masa rumbu. "Na ba ka damina biyu," ya ce.

Sau biyu a mako nake zuwa, in haɗiye a gaban Malam, in buɗe baki ya duba, in dawo in tarar da surfe da ɗiban ruwa suna jirana. Tabon ya yi ta duhu a hankali. Bayan girbi na biyu Kaka ta sake ɗauko ƙaya ba tare da na sani ba. Ihun da na kurma, har awaki suka watse! Kaka tana guɗa, Inna tana kuka tana dariya, Baba ya ɗauki ƙwaryar nan ya taka ta da ƙafa. Ranar na sa hannu cikin akushin gidanmu.

Yanzu jikoki suna karanta mini maganin ciwo a waya, kowa likitan kansa. Ni ban san baƙi ba, amma na ga mai ilimin da bai ji kunyar cewa jiya bai sani ba.

Duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Ige, ɗiyar Baffa Garba, a Kalgo. Duk zuwan da na yi, sai ta kama hannuna ta ƙirga yatsun.