Ranar da Na Kori Masu Bincike Daga Ƙofar Inna

A watan nan ne mahaifiyata, Hajiya Hanne, wadda muke kira Inna, ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Kowace shekara abin da muke yi ɗaya ne. Mu tara malamai a zaure a yi mata addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Bana ma an yi. Amma bana na ƙara da wannan rubutu, domin akwai maganar da na riƙe tun ranar da muka kai ta makwancinta, kuma abin da ya faru a danginmu cikin watannin nan ya sa riƙon ya ishe ni. Ni ba mai dogon karatu ba ne. Firamare na gama, na koyi aikin dabbobi, na yi shekara talatin da 'yan kai ina yi wa shanu allura tsakanin Dutsi da Mai'adua har na ajiye aiki. Saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Ni ne ɗan farinta. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. In tana son wani abu daga wurina, sai ta kau da kai ta ce a gaya wa mutumin nan gero ya ƙare, ni kuwa ga ni tsugune a gabanta. Na tashi ina ganin wannan kunya a matsayin daraja, kuma har gobe haka nake ganinta. Kunyar ta shafi matata ma, tunda matar ɗan fari ce. Wadda Inna ke sakin jiki da ita ita ce autarmu Talatu, ita kuma aure ya kai ta Mai'adua, sai da sallah ko wani sha'ani muke ganinta.

Kamar shekara biyu kafin rasuwarta, Inna ta sauya. Matar da ba a suna ko biki a unguwarmu ta wajen rijiyar Kusugu a Daura ba tare da ita ba, sai ta daina fita. Ta rame. Matata ta lura cewa ruwan da ake ajiye mata da safe yakan kai la'asar ba a taɓa shi ba. Muka zauna muka yanke cewa tsufa ne. Babu wanda ya tambaye ta, domin babu mai fuskar tambaya a gidan.

A cikin wannan hali ne wata safiya mai unguwa ya yi sallama da baƙi uku, mata biyu da namiji ɗaya. Suka ce daga wata jami'a suke, suna binciken lafiyar tsofaffi, ga takardar izini daga hukuma. Abin da suke so shi ne su zauna da kowane tsoho shi kaɗai, mace da mace, namiji da namiji, su yi masa tambayoyi, su auna jininsa, su ɗan tsaga yatsa. In sun ga wani abu, su ba shi takardar zuwa asibiti. Ban bari sun gama ba. Na tsaya a bakin zaure na ce uwata ba abin gwaji ba ce. Babbar cikin matan ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Malam, ba gwada ta za mu yi ba, tambayarta za mu yi. Akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba."

Na ce in wani abu na damunta, tana da ɗan da zai kai ta asibiti. Suka yi godiya suka wuce gidan gaba. Da yamma a majalisa aka yi ta yaba mini, wai na nuna musu cewa gidan yana da mai shi. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Na biyu ya fi shi muni, domin da kyakkyawar niyya na yi shi. Da na ga ramar ta yi yawa, na ɗauke ta zuwa asibiti. Da layi ya zo kanmu, na shiga ɗakin likita tare da ita, na tsaya a bayan kujerarta kamar dogari. Likita ya tambaye ta abin da ke damunta. Ta dubi ƙasa ta ce gwiwa ce. Ya ce babu wani abu kuma? Kafin ta buɗe baki na amsa mata, na ce babu. Ya rubuta maganin ciwon gaɓoɓi. Ba na ganin laifinsa, abin da aka gaya masa ya yi wa magani. Da maganin ya ƙare na je kemis na sayo wani, da ya ƙare na sake sayowa. Wata da watanni ina ba ta, ina jin kaina ɗa nagari.

Ranar da ta faɗi a bakin ɗakinta aka aika wa Talatu. Ita ce da ta zo jinya ta ɗaga katifa ta tarar da tsummoki a ninke, wankakku, an ɓoye. A nan Inna ta gaya mata gaskiya. Fiye da shekara biyu fitsari ba ya riƙuwa gare ta, ga ƙishirwa kamar ta kashe ta. Ta rage shan ruwa ne don alwalarta ta daɗe, kuma don kada ta ji kunya a cikin mutane. Da aka yi gwaji aka ce ciwon suga ne da ya daɗe a jikinta, ya riga ya taɓa ƙoda, kuma rashin ruwa da maganin da nake saya mata sun ƙara wa ƙodar wahala. Ba ta cika wata biyu ba bayan haka.

Bayan sadakar bakwai Talatu ta kira ni gefe. Ta ce Inna ta ba ta labarin ranar da baƙin nan suka zo. Inna ta ji muryar matan daga ɗaki, ta ji abin da suka ce. Har ta ɗauki mayafi ta zauna a bakin gado tana jira a shigo da su. Sai ta ji na sallame su, ta ninke mayafin ta mayar.

Na san ajali na Allah ne, ba sai wani ya tuna mini ba. Tunda kwananta ya ƙare, da ta tafi ko da likita goma a kanta. Amma shekara biyu na ƙishirwa a cikin gidan da ke da rijiya, wannan ba zan jingina wa ajali ba. Ni na tare ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk unguwar babu wanda ya kamata ya gane aikin mutanen nan kamar ni. Sau nawa na riƙe wuyan bijimi aka ɗebi jininsa, aka sa a ƙanƙara aka aika gwaji? Sau nawa na zauna a ruga ina lallashin makiyayi da ke cewa za mu lalata masa garke? Na san allurar da ake yi wa karsana ba ita ake yi wa tsohuwar saniya ba, kuma na san ba mafarki aka yi aka gane haka ba, wasu ne suka zauna suka bincika. Abin da na yarda a yi wa saniya, shi na hana a yi wa uwata. Jikin tsoho ba jikin saurayi ba ne. Kuma tsohon da ke Daura, mai azumi cikin zafin bazara, mai fura da tuwon gero, mai kunyar ɗansa, babu yadda likita zai san abin da ya dace da shi sai an zo nan an zauna da shi an tambaye shi.

Wani lokaci nakan ce da Inna za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta ga kemis a kowace kwana, har da na'urar auna jini a kan tebur. Za ta ga jikokinta kowa da waya a hannu, suna ganin fuskar Talatu daga Mai'adua ba tare da sun hau babur ba. Wannan zai ba ta dariya. Amma in ta bi layin asibiti, za ta ga abin da ta bari yana nan. Ɗa ya shiga da uwarsa, ya tsaya a kanta, ya amsa mata tambaya. In ta bi ta majalisa, za ta ji ana cewa masu bincike jini suke tarawa su sayar a ƙasashen waje, kuma masu faɗin haka ba su taɓa zuwa sun tambaya ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inna tana da ƙanwa guda da ta rage, Iya Rabi, tana zaune a gidan ɗan farinta Alhaji Sule, mai sayar da yadi a kasuwa. A farkon shekarar nan aka yi suna a gidana ba ta zo ba. Aka yi ɗaurin aure a dangi ba ta zo ba. Da na je gaishe ta da azahar, na ga kofin ruwa a gefenta cike, ƙura ta kwanta a kansa. Nan take na tuna Inna. A makon ne kuma na ji cewa wasu masu binciken lafiyar tsofaffi sun sauka a ɗakin shan magani na unguwa, sun bi gida-gida, kuma Alhaji Sule ya sallame su daga zaure.

Na same shi a shago na ba shi labarin Inna tun daga farko, abin da ban taɓa gaya wa wani namiji ba. Ya saurara yana auna yadi. Da na gama ya yi murmushi.

Ya ce, "Yaya, aikin shanun nan ya biyo ka har gida. Iya ba saniya ba ce. Kai ka yi naka yadda ka ga dama, ka bar ni in yi nawa."

Ban yi masa faɗa ba. Na koma gida na tsara abin da zan yi. Da fari na je wurin masu binciken da kaina, na tambaye su inda jinin ke zuwa, da wanda zai ga amsoshin, da ko mutum zai iya cewa ya fasa in ya ga dama. Suka karanta mini takardarsu da Hausa, suka nuna mini izininsu, suka ce duk ranar da tsoho ya ce ya gaji, an gama. Sannan na miƙa nawa hannun, tunda ni ma na shiga sahun tsofaffi, kuma ba zan kai wani inda ban taka ba. Bayan haka na aika wa Talatu. Na ce ta shiga wurin Iya ita kaɗai, ta gaya mata komai, kada ta lallashe ta, ta dai ji ta bakinta. Talatu ta fito ta ce Iya ta yarda, amma da sharaɗi: Talatu ce za ta shiga da ita, kuma kada namiji ko ɗaya ya biyo su ciki.

Washegari da hantsi na tsayar da Keke mai ƙafa uku a ƙofar gidan. Alhaji Sule na zaune a zaure bai fita kasuwa ba, domin labari ya kai masa. Ya ce bai ba da izini ba. Na ce ban zo neman izininsa ba, mai jikin ta riga ta bayar.

Na ce, "Ga ta nan fitowa. In za ka hana, ka hana ta da bakinka."

Na san ba zai iya ba. Shi ma ɗan fari ne, tun da aka haife shi bai taɓa duban idonta ya ce mata yi ko bari ba. Iya ta fito Talatu na riƙe da hannunta, ta ratsa zauren ba ta dubi inda yake ba. Ya sunkuyar da kai har suka wuce.

Da muka isa ɗakin shan magani, sun yi kusan awa guda a ciki. Ni ina waje a kan benci, cikin rana. Abin da Iya ta faɗa ban sani ba, ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba. Abin da na sani shi ne an ba ta takarda zuwa asibiti, an ɗora ta a kan magani, Talatu ta yi mako uku a wurinta. Ba zan ce ta warke ba, tsohuwa ce. Amma tana shan ruwa, kuma ranar Asabar da ta wuce an gan ta a gidan biki tana yi wa masu dafa shinkafa gyara.

Alhaji Sule bai sake gaishe ni ba. Addu'ar Inna ta bana bai zo ba, karo na farko. A majalisa kuma an raɗa mini suna dillalin jini, har wani na tambayata ko nawa ake ba ni a kan kowane tsoho. Su yi ta faɗa. A majalisar nan aka yaba mini ranar da na kori baƙin farko, na kuma ga abin da yabon ya haifar.

Ga masu karatu, ban ce duk wanda ya zo da farar riga a buɗe masa gida ba. A tambaye shi takarda, a tambaye shi inda ya fito, a bi shi har inda ya sauka. Amma in ya cika sharaɗi, a bar tsoho ya yanke wa kansa hukunci, kuma ɗan fari ya zauna a waje. Masu hali na ƙasar Daura da ke gina shaguna da gidajen mai, su tuna cewa wannan bincike yana bukatar mota da kayan gwaji da ma'aikata mata masu jin harshenmu, kuma su ma tsufa na tafe. Wanda ba shi da abin bayarwa, yana da hannu da zai miƙa da ƙofa da zai buɗe.

In na auna abin da ya rage na Inna, ba kaya ba ne, an raba su tun tuni. Abin da ya rage shi ne mace ce da ta riƙe abin da aka koya mata har ƙarshe, ta zaɓi ƙishirwa a kan ta zubar da mutuncinta a gaban ɗanta. Ba zan taɓa ce mata ta yi kuskure ba. Ita ta cika nata. Nawa shi ne in san cewa ba za ta faɗa mini ba, in nemo mata wanda za ta faɗa wa, ban kuwa yi ba. Allah Ya yafe mini, Ya jiƙanta, Ya shayar da ita daga ruwan Aljanna.

Ran Litinin za a sake duba Iya Rabi. Ƙarfe takwas zan tsaya a ƙofar Alhaji Sule in yi sallama. In ya amsa, ya sami lada. In bai amsa ba, ba wurinsa na zo ba.