Ruwan da Baba Ya Zuba wa Jirgi

Baba bai taɓa kirana da sunana ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake ce mini tun ina zanen goyo, har na girma na zama nas a wani asibiti a jihar Maryland ta Amurka. Shi kuwa masunci ne, mutumin Yauri, a bakin Kwara ya buɗi ido, a cikin kwale-kwale ya tsufa. Da ciwon zuciya ya kama shi, ni na tsaya kai da fata sai da aka kawo mini shi Greenbelt, garin da nake zaune. Likitansa bai ɓoye mini ba: in ya zauna nan ana duba shi, akwai sauran shekaru in Allah ya yarda, in ya koma gida, sai dai addu'a. Na ce to magana ta ƙare, ba inda za shi.

Ni dai Allah ya yi ni da kafiya, kowa ya sani. Kullum ya ce, "Uwata, yaushe za ki sallame ni?" sai in ce, "Baba, sai ka warke." Da ni da shi duk mun san ciwon ba na warkewa ba ne. Na saya masa kujera mai laushi na ajiye bakin taga, na hana shi gishiri, na hana shi soyayyen kifi. Tun yana tambaya har ya daina. Daga sallaya sai kujera, yana kallon motocin maƙwabta. Mutumin da in ya yi dariya ana jiyo shi daga wancan ƙetaren kogi, sai ga shi ana kasa kunne kafin a ji ya amsa sallama. Abin yana cin raina, amma na daure.

Mai gidana ne ya ce, "Mutumin ruwa ne, ki kai shi ya ga ruwa mana." Akwai wani ɗan gidan tarihi a bakin tekun Chesapeake inda ake adana tsofaffin jiragen masuntan yankin. Wata Asabar na ɗauki Baba, na ba shi gorar ruwa saboda shan magani, muka kama hanya.

Muna shiga babbar rumfar sai ga wani dogon jirgi da aka sassaƙa daga kututturan itace, an ɗora shi kan ƙarafa, an zagaye shi da igiya, fitila na haska shi. Baba ya ja ya tsaya. Ya duba cikin jirgin, ya ce, "Kai! Da gizago aka yi wannan. Mai hannun nan ya san aiki." Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka har na manta. Daɗi ya kama ni. Sai idonsa ya faɗa kan wata tsaga a gefen jirgin, nan take fuskarsa ta canza.

A bakin ruwanmu, in aka jawo jirgi tudu, ba a barinsa ya bushe, don itacen tsagewa yake. Safe da yamma ana zuba masa ruwa. Duk wanda ya wuce da bokiti sai ya watsa masa, ko da jirgin wanda ba sa ga maciji da juna ne. Jirgi ya tsage a tudu, abin kunya ne ga kowa da kowa. Na san wannan sarai, amma ban kawo komai a raina ba. Kafin in ankara Baba ya ɗaga igiya, ya buɗe gora, ya yi bisimilla, ya bi tsagar nan da ruwa tun daga sama har ƙasa.

"Wayyo Baba, ka kashe ni!" Haka na daka masa tsawa a gaban mutane, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Wata dattijuwar Baturiya mai kula da wurin ta taho da gudu da tawul. Ina ba ta haƙuri, tana goge itacen a hankali. Da hankalinta ya kwanta ta yi bayani, ina fassara wa Baba. Da gangan aka busar da jirgin, in ji ta, har iskar ɗakin aunawa ake yi, danshi ruɓar da shi zai yi. Kakanta ma a irinsa ya yi sana'ar su.

Baba ya ce, "Tambaye ta, yaushe za su mayar da shi ruwa?"

Ta ce ba za a mayar da shi ba har abada. In ya shiga ruwa wargajewa zai yi. A nan kuwa zai daɗe, jikoki su zo su gani.

Ya jinjina kai. "Ce mata ta yafe ni, ban sani ba. Na ga alama suna ƙaunarsa."

Muka fito muka zauna kan benci a bakin ruwa. Ina jiran faɗa kan tsawar da na yi masa, bai ko ɗaga zancen ba. Can ya ce, "Uwata, matar nan ba ta da laifi. Ke ma ba ki da laifi. Amma ni ba na son in daɗe irin daɗewar jirgin can."

Na ce, "Baba, ka san in ka koma…"

"Na sani. Ai a ƙirjina zuciyar take."

Kuka na yi, kuka sosai, shi ne ma yake ba ni baki.

Ni da kaina na raka shi gida Yauri, da jakar magani guda, na damƙa shi hannun ƙanena. Damina ɗaya ya gani. Kowace safiya sai a zaunar da shi a tsakiyar jirginsa a ɗan zaga da shi. Ƙanena ya taɓa turo mini saƙon murya yana ba ni labarin ciwon, ban ji rabin abin da ya faɗa ba, saboda dariyar Baba da ta cika bayan. Har yau wani lokaci nakan tambayi kaina ko da na ƙi, da yana nan. Abin yana yi mini ciwo.

Da na je zaman makoki, na sulale da yamma na gangara bakin Kwara. An jawo jirginsa tudu tun ranar da ya rasu. Na leƙa ciki da fargaba, sai na tarar itacen sharkaf, wani ya riga ni. Ban tambayi ko wane ne ba. Na ari bokiti wurin wata mai wanki, na ɗebo na ƙara masa.